Kafin a Binne Uwa

Zongon Sokode,
cikin watan Sha'aban, 1938

Zuwa ga Yaya Salamata, a Zongon Dapango.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga yayarsa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Alassani da matarsa Madina da duk wanda ke cin tuwo a gidanku. Allah ya ƙara miki nisan kwana, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da Bukari mai shanu ya ce yana hana ki zuwa kasuwa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwa ya fara ɗaukewa, doyar da ake kawowa daga Awuda ta cika gari, shanun da ake korowa daga wajenku kuwa bana sun yi kitse, har wuƙa tana santsi a hannu.

Yaya, albishirinki. 'Yata Barakatu ta sauka a ɗakin uwarta Amariya, an samu 'ya mace, an yi suna ranar Talata, kuma sunanki aka raɗa mata. Tunda ba mai iya kama sunan a gidan nan, Goggo Ƙarama ake ce mata. Gashi ne da ita cunkus, ga goshinku na gado, in ta ɓata fuska sai ka ce ke ce kike shirin yi mini faɗa. Ina gaya miki gaskiya, tun da aka haife ta ban yi wa kowa tsawa a mayanka ba, abokan sana'a har suna tambaya ko lafiya. Amariya ta ce tsufa ya zo mini da zumuɗi, don sai in bar tebur da rana tsaka in zo in leƙa in koma. Jikar fari ce, ki bar ni in yi.

Amma da sauran magana, kuma ita ce dalilin takardar. Da sai na je wurin malam ya rubuta mini da ajami, da ban faɗi rabin abin da ke bakina ba, don maganar ɗakin mata ce. Yau na ga amfanin zaman da na yi a kan benci da furfurata a lakwal, makarantar boko ta yamma. Kai kuma Alassani, na san kai ne kake karanta wa tsohuwarka. Ka kori yara, ka karanta duka, kada ka tsallake inda kunya ta kama ka, don maganar ta shafi ɗakinka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fi so ku ji daga bakina kafin 'yan mota su kawo muku labari da ƙari, cewa Ɗantani ya tone abin da ba a tonewa. Na tone, Yaya. Ga yadda aka yi.

Naƙudar ta yi tsawo, ta kwana a kai ta wuni ta sake kwana, sai da hantsi ta haihu. Inna Husseina ce ta karɓa, ungozomar da ta karɓi duk 'ya'yana, kin san ta. Mabiyiya, wadda ku mata kuke ce wa uwa, ta ɗan yi gardama, aka ba Barakatu kwalba ta hura, Inna ta ɗan taimaka da jan cibiya, ta faɗo. Nan da nan ta wanke ta, ta binne a bayan ɗaki yadda aka saba. Ni ina kasuwa ina sarar ƙashi aka kawo mini albishir cewa an sauka lafiya. Ranar duk wanda ya sayi nama a wurina ya ga gyara. Kafin azahar na rufe na nufi gida, da na biyo ta bayan katanga sai na ga abin da ke fitowa ta rariyar sashen mata. Na tsufa ina yanka, na san ruwan da aka wanke jini da shi, na kuma san jini. Wannan jini ne.

Na kira Amariya na tambaye ta, ta ce biƙi ne, ƙazanta ce ke fita, gara ta fita da ta zauna, ni in koma zaure inda maza suke. Mata kuwa sai yabon Barakatu suke yi, wai 'yar halal, haihuwar fari amma ko uhm ba ta ce ba. Na tsaya a bayan zana na kira sunanta, ta amsa mini da lafiya lau, amma muryar kamar daga cikin rijiya. Ina tsaye na ji ta nemi ruwa, aka ba ta, ta sake nema. Amariya ta fito da zane jiƙe sharkaf, ta koma da wani, ba a jima ba ta sake fitowa. A wannan fitowar ce na tare ta, ta kasa haɗa ido da ni, ta ce yarinyar hamma take ta yi, gumi mai sanyi ya rufe ta, tana cewa kunnenta na ƙara, ɗakin kuma ya yi mata duhu, alhali rana tana tsaka. Ban nemi shawarar kowa ba. Rabona da gudu irin na ranar tun ina saurayi muna bin bijimin da ya tsinke igiya.

A asibitin garin nan akwai ungozomar gwamnati, sajfam ake ce mata. Mutuniyar Anaho ce, a Dakar ta koyi aikin, kuma ba ta girmi Barakatu da yawa ba. Likita ya fita rangadi, ita kaɗai na samu. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinta, amma da na ce an haihu jini ya ƙi tsayawa, ba ta ƙara tambaya ba, ta suri jakarta. Abin da ya faru a cikin ɗaki Amariya ce ta ba ni labari. Sajfam ta fitar da kowa ban da Amariya da Inna Husseina. Ta kwantar da Barakatu rigingine, ta cire matashi, ta sa aka ɗaga ƙafafun gado ta wajen ƙafa da duwatsu, ta rufe ta da bargo, ta sa ta yi fitsari a kasko. Ta ɗora hannu a ƙasan cibiya ta ji wurin taushi kamar ƙullu, sai ta shiga murzawa da ƙarfi har ya dunƙule kamar ƙwarya, gudajin jini suka fito. Da ta saki, ya sake saki. Ta ɗauki jaririya ta ɗora a nono. Inna ta ce ai ba a zubar da dakashi, nonon farko, ba tukuna, sajfam ta ce su ajiye wannan gardamar sai gobe. Sannan ta ɗura allura, amma ba ta yi ba. Ta riƙe ta a hannu ta tambaya ina uwa.

Amariya ta matso ta ce ga ta. Sajfam ta ce ba shi ba. Aka nuna mata Barakatu, ta ce ba shi ba, uwan da ya bi yaro. Inna Husseina ce ta fara gane cewa mabiyiya take nufi. Da aka ce an binne, sajfam ta bar wa Amariya murzar ciki ta fito wurina. Ta ce allurar da ke hannunta tana matse mahaifa ne kamar yadda ake zuge bakin jaka. In ba komai a ciki, ita ce magani. In kuwa wani guntun mabiyiya ya saura, allurar za ta kulle shi a ciki, jini ya ci gaba, ciro shi kuma ya gagara. Ba ta kuma so ta sa hannu cikin yarinyar a kan zato, don akwai azaba, kuma hanya ce da zazzaɓi mai kisa yake bi ya shiga. Saboda haka sai ta gani da idonta, kuma yanzu.

Inna Husseina ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an tone uwa ba, kuma kowa ya san wadda aka tone wa, mahaifarta ta rufe ke nan har abada, da hannunta dai ba za a yi ba. Amariya na kuka daga ciki. Karimu mijin Barakatu yana Langabu wajen sayen doya, ba a ma kai ga sanar da shi ba, balle a ce shi ya yanke. Matan da ke tsakar gida kowace ta sunkuyar da kai, ga hauya jingine da bango ba mai kallonta. Ke na tuna, Yaya. Ke kika binne ta Barakatu a tsohon gidanmu, kin kuma gargaɗe ni kada in bar ko kaza ta yi tono a wurin. Ban manta ba. Amma na auna, na ga idan maganar gaskiya ce, zan samu 'ya da ranta da jika ɗaya. Idan na tsaya, zan samu jika ɗaya da kabari. In da rai da rabo. Na ɗauki hauya na ce wa Inna ban ce ta taɓa ba, ta nuna mini wurin kawai, alhakin a wuyana. Sai ta yi nuni da haɓa.

Da na kusa sai na ajiye hauya na ƙarasa da hannu don kada in yanka. Allah ya saka wa Inna, aikinta tsaf, ta naɗe ta a tsumma cikin fasasshen kasko, ƙasa ba ta ɓata ta ba. Sajfam ta ɗauraye, ta kifa ƙwarya, ta baza ta a bayanta, ta juyo da fuskar da ke manne da cikin uwa. Ni da nake namiji na duba, Allah ya yafe mini. Launinta kamar hanta, amma curi-curi ne a haɗe, kamar ƙosai da aka jera a faranti ba tsakani. Can gefe ɗaya sai ga giɓi, kamar an ɗauke guda. Inna Husseina ta matso, ta sunkuya, ta sa yatsa a wurin. Ita ta fara magana kafin sajfam, ta ce wannan ba ta cika ba. Daga baya ta gaya wa Amariya cewa duk haihuwar da ta karɓa ba ta taɓa juyo wannan fuskar ta ƙare mata kallo ba, don an koya mata a wanke da sauri a rufe, abin girmamawa ne.

Sajfam ta wanke hannu da tafasasshen ruwa da sabulu da wani magani mai wari har gwiwar hannu, ta sa safar roba. Inna ce ta riƙe kafaɗun Barakatu tana yi mata addu'a a kunne. A nan ne yarinyar ta ƙwala ihu, na farko tun da naƙuda ta fara. Ina tsakar gida da ƙasa a hannuna, na ce alhamdu lillahi, don wanda ke da ƙarfin ihu da sauransa. Guntun da aka ciro bai kai ƙwan kaza ba. Dubi ƙanƙantarsa, Yaya, ga abin da ya so ya yi. Sannan aka yi allurar, aka ci gaba da murza, cikin ya dunƙule ya zauna a dunƙule. Kafin la'asar jini ya koma irin wanda aka saba. Muka cire ƙyauren zaure muka ɗauke ta a kai zuwa asibiti, aka ƙara mata ruwan gishiri ta allura, aka ɗinke wata 'yar yagewa da aka gani. Zazzaɓi ya ɗan leƙo ya tafi, aka sallamo ta jajibirin suna. Har yanzu in ta miƙe da sauri jiri na ɗibarta, amma tana ci. Hanta ba ta yankewa a gidan mahauci, ga zogale, ga kunun gyaɗa. Wankan jego ma an jinkirta shi, da aka fara kuma ba da ruwa mai ƙuna ba.

Bayan suna na kai wa sajfam cinyar rago, na roƙe ta ta gaya mini abin da ke kawo wannan, na zauna na saurara kamar a lakwal. Ta ce inda mabiyiya ta ɓalle, rauni ne buɗe mai faɗin tafin hannu, kuma ba abin da ke rufe shi sai mahaifar ta matse kanta. Mafi yawan lokaci ba ma guntu ba ne, gajiya ce: mahaifar da ta sha doguwar naƙuda, ko ta ɗauki tagwaye ko ƙaton yaro, ko ta yi haihuwa da yawa kusa-kusa, sai ta saki jiki ta kasa matsewa. Mara cike da fitsari ma tana tare ta. Wani lokaci kuma ciki ya dunƙule sarai amma jini ja na ta zuba, to wannan yagewa ce, murza ba ta maganinta sai ɗinki. Akwai kuma wadda jininta ne ba ya daskarewa, amma ba su da yawa. Macen da zazzaɓi ya riga ya shanye wa jini kuwa, kaɗan za ta zubar ya kayar da ita. Na tambaye ta ko jan cibiya ne ya yaga, ta ce yana iya yagawa, gara a daina, amma ta sha ganin ta yage ba wanda ya ja. Saboda haka ni ban ga laifin Inna Husseina ba, kuma ban yarda kowa ya gani a gidana ba.

To, Yaya, ke ce mai karɓar haihuwa a Zongon Dapango, hannunki ya fi bakina sanin wannan aiki, kuma ni ba zan koya wa kifi iyo ba. Amma Bukari ya ce cikin Madina ya yi girma fiye da watanninsa, kin kuwa san tagwaye ba baƙi ba ne a zuriyarmu. Haihuwarta ba ɗaya ba ba biyu ba, na bayan bai daɗe da yaye ba, kuma an ce ta sha zazzaɓi da damina har idonta ya yi fari. Duk abin da sajfam ta lissafa, sai na riƙa ganin Madina. Ita kuwa bayan ƙaramar Salla ake sa ran saukarta, ga ku nesa da likita.

Ga roƙona. In uwa ta faɗo, kada ki yi gaggawar binnewa. Ki kifa ƙwarya, ki baza ta a haske, ki duba fuskar nan mai curi-curi ko ta cika, ki duba rigar da yaro ke ciki ma ko ta fito duka. Kada a ja cibiya. Ki sa hannu a ƙasan cibiyar mai jego akai-akai, in kin ji taushi ki murza da ƙarfi, ko tana kuka, har ya yi tauri. Ta yi fitsari, a ba yaro nono tun a lokacin, don tsotson yana sa mahaifa ta matse. Kuma kada ki yarda da lafiya lau ɗin mai kunya, ki ɗaga zane ki duba da kanki. In zane yana jiƙewa ana sakewa, ko gudaji na fita, ko ta fara hamma da ƙishirwa da gumi mai sanyi, wannan ba biƙi ba ne, ranta ne ke zuba. A kwantar da ita, a ɗaga ƙafa, a rufe ta, kada a zaunar da ita a ruwan zafi, kada a tsaya dama kunun kanwa, a ruga neman taimako hannunki yana kan ciki. Abu ɗaya sajfam ta ja mini kunne a kai: ko kin ga giɓi, kada ki sa hannu ciki da kanki, wannan sai mai kayan aikin. Kai kuma Alassani, na ji an ce akwai ɗakin magani a garinku. Ka je tun yanzu ka gai da ma'aikacin, ka san ƙofar gidansa, ka tambaye shi abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa. In ya ce gara Mango inda likita yake, ka kai Madina tun tana iya hawa mota, tsohuwarka ta bi ta. Rigakafi ya fi magani.

Na san abin da ke ranki, ko Barakatu za ta ƙara haihuwa. Na tambayi sajfam, ta ce ba ta ga abin da zai hana ba, sai dai ta gaba a asibiti za a yi, don wadda ta taɓa zubar da jini tana iya sakewa. Inna Husseina ta ce Allah masani. Ni ma abin da na ce ke nan, ba zan yi miki ƙaryar sani ba. Karimu da ya dawo ya ji labari, ya durƙusa ya ce da yana nan da shi zai riƙe hauyar. Ita Inna da kanta ta mayar da uwar ramin a ranar, ta haɗa da guntun da aka ciro, ta daidaita shi a giɓinsa, ta binne ta fuska sama yadda kuke yi, ta ce yanzu ne ta cika. Tun daga nan an kira ta haihuwa a unguwa, aka ga ta tafi da ƙwarya a hammata. Ba wanda ya ce ta daina binnewa, ni ma ban ce ki daina ba. Dubawa kawai na roƙa a sa a gaba. A ɗakin haihuwa uwa biyu ce, Yaya. Ki duba wadda ta bi yaro da kyau kafin ki binne ta, don ita kaɗai za a binne.

Amariya tana gaishe ki, ta ce ki aiko da man shanu da daddawar wajenku in Bukari zai juyo daga kasuwar Tanjuware. Barakatu ta ce a gaya wa Goggo ta yi ihu, kuma ba ta jin kunya. Ki gai da Madina da jiki, Allah ya raba lafiya, ki gai da Safiyatu da Fuseini da Awal da sauran yara, da liman da duk mutanen Zongo da suka san mahaifinmu. Takwararki ta tashi tana tsala kuka a ciki, bari in je in gani ko za su ba ni in riƙe. Ina jiran amsarki a hannun Bukari, ko da faɗa ne.

Ni ne ƙanenki mai jin maganarki, ban da sau ɗaya,
Ɗantani Mahauci